Tsintsiyar Maman Chidera

Duk wanda ya ce maka Kakuri ta mutu tun da masaƙu suka rufe, to bai taɓa tsayawa a babban titinmu da ƙarfe bakwai na safe ba. Masaƙu ne suka mutu, titi kuwa yana nan da ransa, har ya fi da surutu. Bas ta sauke, keke ya kwashe, kwandasta na rataye a ƙofa yana ihun unguwannin da motarsa za ta, Sabo, Sabo, Television. Mai faci na dukan ƙarfe. Shagon wannan gefe ya saki wa'azi, na wancan gefe ya saki waƙar coci, kowa na ƙoƙarin danne ɗan'uwansa. Ƙamshin ƙosai ya haɗu da warin baƙin mai, kuma wallahi in ka saba har daɗi yake yi maka. Shekara ashirin da ɗoriya na yi a wurin da ɗan teburina da akwatin gilashi ina gyaran agogo da tabarau, ban taɓa gajiya da kallonsa ba. Sunana Zakariyya'u, amma titi ya gutsure min shi ya bar Malam Zakari.

Taku goma ne tsakanin bakin titi da lungu. Taku goman nan shi ne tsakanin mai cin abinci sau uku da mai ci sau ɗaya. Mutumin da ya sauko daga mota abin da idonsa ya faɗa a kai yake saye, ba zai shiga lungu neman ki ba ko da zuma kike soya ƙosanki.

Shekarar da masaƙu suka fara rufewa, dubbanmu muka zubo titi, kowa da teburinsa, kowa na neman inda ido zai gan shi. An yi dambe, an fasa kai, har wani ya rasa haƙora biyu a kan wurin da bai fi shimfiɗar tabarma ba. Sai manyanmu suka zauna suka kafa dokar tsintsiya. Babu takarda, babu sa hannu. Wurin da kake sharewa kowace safiya naka ne. In aka wayi gari bakwai ba a share shi ba, ya zama na kowa. In tafiya ta kama ka, sai ka miƙa tsintsiyarka hannu da hannu ga wanda ka yarda da shi, a gaban shaidu biyu, ya riƙa share maka. Muddin tsintsiyar nan tana shara, wuri naka ne ko kana Makka. Ranar da ta mutu kuwa, wuri ya zama na wanda ke riƙe da ita. An ƙara wannan na ƙarshen ne don kada mutum ya tafi shekara uku ya bar wuri yana jiransa alhali wasu na kwana da yunwa. Tsintsiyar kwakwa mai kyau tana kai wata shida a kan ƙasa, aka ce to wanda ya wuce wata shida ba tafiya ya yi ba, ƙaura ya yi. Wanda ya kawo wannan shawara abokina ne Ambrose, wanda muka yi shekara goma sha ɗaya tare a sashen rini.

Matarsa Nneka, wadda kowa ke kira Maman Chidera, ita ke da wurin da ya fi kowane wuri a titin, gindin dogon-yaro, daidai inda bas ke tsayawa. Taku uku ne daga teburina. Ƙosai take soyawa da doya da dankali. A Kakuri aka haife ta, Hausa a bakinta kamar jakin Kano, ga ta da tsiwa, in ka raina mata ƙosai sai ta wanke ka tas kana dariya. Ta san direban da ke son yaji da wanda likita ya hana, ta san wanda matarsa ta haihu jiya. Tsintsiyarta ma kowa ya san ta, don da ƙyallen atamfa ja mai ruwan ɗorawa take ɗaure ta, guntun yadin ƙarshe da Ambrose ya fito da shi daga masaƙa. In tsintsiya ta tsufa sai ta kwance ƙyallen ta ɗaura wa sabuwa.

Farkon damina hawan jini ya kwantar da Ambrose, kwana huɗu ya ce ga garinku nan. Mutanensu ba sa binne babban mutum a baƙon wuri, dole a kai gawa gida, can kudu. Ranar da za su tafi Maman Chidera ta zo gindin bishiya idonta jawur, tsintsiya a hannu, Talatu na biye da ita.

Talatu 'yar Makera ce, waina take toyawa a lungun bayan garejin kanikawa. Mijinta direban tanka ne a Rido kafin hatsari ya zaunar da shi, ga yara biyar. Shekara da shekaru Maman Chidera ke tura mata ciniki. In wani ya tambayi waina sai ta ce, shiga lungu ka ce Talatu. Wasu su shiga, yawanci su ce a ba su ƙosan kawai. Talatu kuwa Yaya take kiranta.

"Malam Zakari, Ikenna, ku zo ku shaida," in ji Maman Chidera.

Ikenna mai sayar da kayan gyaran mota ne, shagonsa na bayanmu, kuma yankinsu ɗaya da marigayi. Muka matso.

"Talatu, ga tsintsiyata. Sati uku zan yi, in ya yi yawa huɗu. Kuma ki fito da tandarki nan ki riƙa toyawa, kada wurin ya yi sanyi direbobi su manta da gindin bishiyar."

Talatu ta karɓa da hannu biyu tana kuka. "Yaya, je ki binne mijinki hankali kwance. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne."

Har gobe ina da yaƙinin kukan nan na gaskiya ne. Amma Maman Chidera ta yi kuskure biyu a tsaye ɗaya. Tsintsiyar da ta miƙa ta riga ta yi wata biyu tana aiki, ba ta tsaya sayen sabuwa ba, wace mace ke tunanin tsintsiya gawar mijinta na cikin mota? Na biyu kuma, ta ɗanɗana wa mutumin lungu bakin titi.

Ranar farko ƙullun Talatu ya ƙare kafin ƙarfe tara. Ƙullun da a lungu take kai azahar da rabinsa. Ina kallonta ta tsaya tana leƙen robar, ta karkata ta, ta sake leƙawa kamar wani ne ya sace mata. Mutane na tsaye suna cewa a ba su waina tana ba su haƙuri. Da ta ɗago kai ta kalli titin, daga kwanar kasuwa har zuwa inda ido ke ƙarewa, sai na ga titi ya shige ta. Na san kallon, ni ma na taɓa yinsa. Washegari roba biyu ta zo da su.

Cikin sati na biyu labari ya zo ta bakin Ikenna cewa an ɗaga jana'iza. 'Yan'uwan Ambrose sun ce ba za a binne shi ba sai an rufa ɗakin da ya fara ginawa a ƙauye, kada masu zuwa gaisuwa su yi dariyar wanda ya yi shekara talatin a Kaduna ba shi da inda za a shimfiɗe gawarsa. An mayar da shi mutuware. Bayan binnewa kuma akwai zaman takaba irin nasu. Talatu na juya waina lokacin da Ikenna ke ba ni labarin.

Kwana biyu bayan nan ta gama share gindin bishiya, sai ta zarce gabana.

"Baba, bari in kai maka. Bayanka ba ya son sunkuyo."

Gaskiya ta faɗa, bayana ya daɗe yana ba ni wahala. Daga ranar sai in ɗan ja tawa tsintsiyar sau biyu don cika doka, ita ta yi sauran. Daga gabana ta wuce barandar Ikenna mai siminti. Daga nan gaban kemis. Daga nan ta sauka kan kwalta, inda bas ke tsayawa fasinjoji ke zubar da ledar ruwa da ɓawon gyaɗa. In an yi ruwan sama kwata ta cika, sai ta tattare zani ta shiga jan dagwalo da tsintsiya har ruwa ya wuce. Da farko da safe kawai take yi. Sai ta ƙara da hantsi. Sai ta ƙara da la'asar. Titinmu bai taɓa yin tsabta irin ta daminar nan ba, har direbobi na tsokanar mu wai gwamna ne zai zo? A taron ƙarshen wata ciyaman ɗinmu, Baba Godwin mai katifa, ya sa aka tafa mata, ya ce ga abin da ake nufi da tsintsiya maɗaurinki ɗaya.

Ni mai gyaran agogo ne. Aikina ke nan in ga abin da ke cinyewa a hankali. A jikin dogon-yaron akwai wata tsohuwar ƙusa, kuma nan ake jingine tsintsiyar. Ranar da Maman Chidera ta tafi, kanta na taɓa ƙusar. Bayan sati biyu da fara wannan alheri, ta yi ƙasa da yatsa huɗu. Bayan wani satin, tafin hannu guda. Ƙasa ba ta cin tsintsiya da wannan sauri. Siminti da kwalta su ke cin ta, ruwan kwata kuma ya ruɓar da maɗauri. Duk macen da ta taɓa share tsakar gida ta san haka. Kuma na san Talatu na da tata sabuwar tsintsiyar a lungu, ko sau ɗaya ba ta taɓa fitowa da ita ba.

Sau ɗaya na yi magana.

"Talatu, tsintsiyar nan tana jin jiki fa."

Ta kalle ni, ba ta yi fushi ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Ta ɗauki waina huɗu masu zafi ta barbaɗa musu sukari, ta ajiye a kan teburina.

"Baba, ai tsintsiya don shara aka yi ta."

Na ci wainar. Kullum da safe kuma sai na tarar da huɗu a kan takarda suna jirana. Na gaya wa kaina ba ruwana, shaidar miƙawa aka kira ni ba gadin tsintsiya ba. Da na ɗan taɓa Ikenna da zancen sai ya ce, "Malam, no put mouth, kada ka sa baki. Maganar mata ce." Barandarsa na ƙyalli lokacin da yake faɗa min haka.

A sati na shida wayata ta yi ƙara da misalin ƙarfe goma. Maman Chidera ce. Muryarta ta yi ƙasa, babu tsiwar nan da na sani. Ta ce an binne shi shekaranjiya, an aske mata kai, tana zaune a ɗaki ba fita. Na yi mata gaisuwa. Sai ta ce, "Malam Zakari, ƙauyen nan shiru zai kashe ni. Daga kukan akuya sai na tsuntsu. Don Allah ɗaga wayar ka juya ta wajen titi, in ji gida."

Na ɗaga. Kwandastoci na ihu, wani mai keke na zagin mai bas, mai faci na ta dukansa. Na daɗe a haka har hannuna ya gaji. Da na mayar da wayar kunnena sai na ji tana dariya tana jan hanci.

"Na ji muryar Sunday kwandasta, har yanzu bai daina ƙaryar saura mutum ɗaya ba. Amma Malam, wannan ƙar-ƙar ɗin fa? Kamar shara nake ji. Da ƙarfe goma?"

Talatu na kan kwalta a sunkuye, taku biyar daga gare ni, tana goga abin da ya rage na tsintsiyar. Kalma ɗaya ce ta rage in faɗa. Da na ce ki dawo, ko da kwana ɗaya ne, ki miƙa sabuwa, da ta san yadda za ta yi da dangin miji ta shigo mota.

Na ce, "Talatu ce. Tana da ƙoƙari, har gabana take sharewa."

"Allah ya yi mata albarka," in ji ta. "Ka ce mata zan kawo mata tsaraba."

Ba ƙarya na yi ba. Na sha maimaita wa kaina haka, ba ƙarya na yi ba. Amma na shiga ban ɗauka ba ba ta fid da ɓarawo, kuma na san haka tun kafin in kashe wayar.

Sati goma sha ɗaya Maman Chidera ta yi a can. Ranar wata Laraba da safe, titi na tsakiyar cinsa, keke ya sauke ta a gindin bishiya, kai tsaye daga tasha. Farar riga da farin zani, ɗankwali a kan askakken kai, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Tana sauka ta tsaya ta shaƙi iskar titin, hayaƙin mota da komai, ta ce, "Chineke, na dawo gida!" Direbobi na danna mata ham. Ta sauke kaya, galan na manja, ƙullin gari, da sabbin tsintsiyoyin kwakwa guda uku, dogaye masu kauri irin na can da ba ma samu a nan.

"Ɗaya tawa, ɗaya ta Malam Zakari, ɗaya taki, Talatu. Na ji irin wahalar da kika yi. Kawo tsohuwar in kwance ƙyallena."

Talatu ba ta tashi daga gaban tanda ba. Ta ce, "Sannu da hanya, Yaya. Ya haƙuri? A kira ciyaman."

Maman Chidera ta kalle ta, ta kalle ni. Ni kuma na sami wani agogo da ke bukatar a buɗe shi a lokacin.

Baba Godwin ya zo da sandarsa, mutane suka taru, don titi ba ya ƙin kallo. Talatu ta sa hannu ƙarƙashin benci ta fito da abin ta ajiye a ƙasa. Bai kai tsawon tafin hannu ba. Tsinkayen sun yi baƙi, sun daddagule, ƙyallen ja ya koma kalar laka.

"Ta mutu tun ranar Asabar," in ji Talatu. "A hannuna ta mutu."

Maman Chidera ta daɗe tana kallon abin. Tsintsiyar da ya kamata ta kai wata huɗu a hannun Talatu. Ba sai an yi mata bayani ba, mace ce, ta san abin da ke cin tsintsiya. Ta ɗago ta bi gaban shaguna da kallo, tas-tas, har kwatar da ba a taɓa ganin gindinta ba.

"Baba Godwin, kashe ta aka yi."

"Shara aka yi da ita, 'yata. Kowa ya gani. Shaidu, wannan ce tsintsiyar da aka miƙa?"

Ikenna ya ce ita ce. Ni ma na ce ita ce.

"Kun ga an ƙone ta, ko an yanke ta da wuƙa?"

Muka ce a'a.

"To doka ba ta ce ga inda za a share ga inda ba za a share ba. Mijinki ne ya kawo dokar nan, ina zaune kusa da shi ranar. In na karya ta saboda ke, gobe sai a koma fasa kai." Sai ya ga kamar ya kamata a ce ya yi adalci. "Amma ba za a ce ta mutu da baki kawai ba. Ɗauki ki gwada. In ta tara shara daga gindin bishiya zuwa bakin kwalta, tana da rai, wuri naki ne."

Na so ta ƙi. Wallahi na so ta tofa mana yawu ta ɗauki kayanta ta tafi. Amma ina za ta? Shekara ashirin ɗinta na ƙarƙashin bishiyar nan, ga Chidera na makarantar koyon jinya, ga miji babu. Sai ta durƙusa. Da fararen kayan takabarta ta sa gwiwa a ƙasa, don abin ya yi gajarta a yi shara da shi a sunkuye. Ta kama shi da hannu biyu ta fara turawa. Ganye ɗaya ya motsa. Ta ja gwiwa ta matsa gaba. 'Yan yatsunta ne ke gogar ƙasa fiye da tsinkayen. Wasu 'yan mata a cikin keke suka fito da waya suna ɗauka, wani fasinja ya leƙo ta taga ya ce ko mahaukaciya ce. Ta kai rabin hanya, ta tara ɗan ganyen da bai cika tafi ba, har na fara cewa a raina ko za ta kai. Sai ƙyallen ya tsinke. Tsinkayen suka watse a gabanta, wata bas ta taso da gudu iskarta ta kwashe su da ganyen gaba ɗaya zuwa cikin kwata.

Baba Godwin ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri," ya juya. Kafin ta miƙe wani ya riga ya ce wa Talatu ta ba shi waina shida, ya ce da sauri motarsa za ta tashi. Talatu ta zuba masa.

"Yaya," in ji ta, ba ta ɗago ba, "wurina na lungu yana nan. Na share miki shi jiya."

Maman Chidera ta tsinci guntun ƙyallen ta ƙulle a bakin zani. Ta zo gaban teburina, gwiwoyinta duk ƙasa.

"Malam Zakari, ranar da na kira ka, ita nake ji ko?"

"Maman Chidera, ban yi miki ƙarya ba."

"Ban ce ka yi ba."

Ta ɗauki ɗaya daga cikin sabbin tsintsiyoyin ta jingine a jikin teburina. "Da sunanka na sayo ta," ta ce. Ta shiga lungu da sauran kayanta.

Titi bai ɗauki sati ba ya manta. Haka yake, shi ya sa yake da daɗin zama, ba ya riƙe komai. Direbobin da ke rantsuwa da ƙosanta suka koma rantsuwa da wainar Talatu. Talatu kuma ta sayi sabuwar tsintsiya, gindin bishiya kaɗai take sharewa yanzu, sau ɗaya da safe, kwata ta koma yadda muka san ta. Wainar teburina ma ta tsaya. Maman Chidera na can bayan gareji tana soya wa kanikawa shida ƙosai, sauran ya huce a tire ƙuda na bi. Kullum da safe ta gabana take wucewa, ta ce ina kwana Malam, in amsa, shi ke nan. Ni kuwa na ci gaba da shara da tsarabarta, don tsintsiya ce mai kyau, kuma tawa ta tsufa.

Bayan wata biyar idona na dama ya fara rufewa. Yanar ido ce. Mai gyaran agogo da ba ya ganin allura ai sunansa mai zaman banza. Likita ya ce aiki za a yi, kuma bayan aiki ba ƙura ba hayaƙi har sati shida. 'Yata Safiya da ke aure a Zariya ta ce can za a yi, a gidanta zan yi jinya, ta riga ta karɓi rana.

Sai ga ni da tsintsiya a hannu ina bin titi da ido ɗaya. Ikenna? Ƙaninsa ya daɗe yana neman inda zai kafa teburin cajin waya. Talatu? Wurina na manne da nata, benci biyu take so ta ƙara. Mai kemis, mai faci, duk na bi su ɗaya bayan ɗaya, mutanen da na yi shekara ashirin muna cin goro tare. Kowanne na san abin da ya gani a daminar nan ya yi shiru, shi ma ya san abin da na gani. Ana gobe zan tafi ban miƙa wa kowa ba.

Da hantsi Maman Chidera ta fito daga lungu ta tsaya a gabana, mutane na ta kai da kawo.

"Malam Zakari, na ji za a yi maka aikin ido. Allah ya sa a yi a sa'a." Ta miƙo hannu. "Kawo tsintsiyar. Ni na sayo ta, na san ƙarfinta. Kai abokin Ambrose ne, wa zai share maka in ba ni ba?" Ta ɗaga murya yadda take yi da can. "Ikenna! Talatu! Ku zo ku shaida."

Suka zo. Baba Godwin ma ya leƙo daga cikin katifunsa. Me zan ce? In ce ban yarda da ita ba, matar da ba ta taɓa cin ƙwandalar kowa ba? In na ƙi, to na faɗa a gaban titi cewa na san yadda ake kashe tsintsiya, kuma tun yaushe na sani. Na miƙa mata, ta karɓa da hannu biyu.

"Je ka hankali kwance," in ji ta.

Yau sati na huɗu ke nan ina kwance a ɗakin Safiya. Jiya likita ya duba ya ce aikin ya yi kyau, amma na hagun ma ya nuna, gara a haɗa a gama, wani sati shidan ke nan. Unguwar nan shiru gare ta, daga kukan zakara sai sallamar maƙwabta. Ɗazu da ƙarfe goma na kasa daurewa na kira Ikenna. Na ce ya ɗaga wayar ya juya ta wajen titi.

Na ji Sunday yana saura mutum ɗaya. Na ji mai faci. Na ji wa'azi da waƙar coci suna kokawa, har sai da idon da aka yi wa aiki ya kawo ruwa. A ƙarƙashinsu duka kuma ga ta nan, ƙar, ƙar, ƙar, a kan kwalta, ba sauri ba tsayawa.

Na ce, "Ikenna, wa ke shara?"

"Maman Chidera ce, Malam," in ji shi. "Tana da ƙoƙari. Har gabana take sharewa."